Layin Da Malam Maharazu Bai Rubuta Ba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan cikin birni, a Madabo, wanda da a shekarun baya aka ce in nuna mutumin kirki, da shi zan fara nunawa. Ba zan faɗi sunansa na gaskiya ba, domin yana raye, kuma da izininsa nake ba ku labarin nan. Mu kira shi Malam Maharazu.

Ko taba bai taɓa sha ba. Ba a jin muryarsa a wajen faɗa. In aka yi rasuwa a layinsu, shi ake fara kira ya shiga wanka, domin ya iya, kuma ba ya fitowa da labarin abin da ya gani.

A wani ɗakin gwajin magunguna yake aiki. In jami'ai suka tare kaya a hanya suna shakkarsa, sai su ɗebi kaɗan su kai masa. Shi zai niƙa, ya narkar, ya sa a na'ura, ya faɗi abin da ke ciki. Abin da ya rubuta shi ake bi: ko a ƙona kayan, ko a mayar wa mai shi.

Dokar da yake aiki da ita jeri ce ta sunaye. Ƙwayar da sunanta yake ciki an hana ta. Masu haɗa ƙwayoyin nan a ƙasashen waje kuwa sun san da haka. Sai su ɗauki wadda aka hana, su ɗan sauya mata haɗi, ta fito da sabon suna wanda babu shi a jerin. Aikinta ɗaya da na tsohuwar, wani lokaci ma ta ninka ta. Kafin hukuma ta ƙara sabon suna, sai wani mai gwaji ya fara ganin abin ya sanar. Shi ya sa a ƙasan takardar rahoto aka bar wani ɗan fili na ƙarin bayani, domin wanda ya ga haɗari ya rubuta.

Akwai wani dattijo, Alhaji Isiyaku, babban ɗan kasuwar magani. Aminin mahaifin Maharazu ne. Da mahaifin ya rasu Maharazu yana sakandare, shi ya riƙe shi, ya tsaya masa har ya gama karatu, sannan ya aura masa Bahijja, 'yar ƙaninsa. Maharazu Baba yake ce masa. Har ya yi furfura a gemu, in zai gaishe shi sai ya durƙusa, kuma bai taɓa kallon tsakiyar idonsa ba.

Wata Talata aka kawo masa samfur daga wata mota da aka tare. Ƙwayoyi ne ƙanana, korra, ba su kai ƙwayar wake ba, an rubuta a jikin kwalin maganin ciwon jiki. Tare da su akwai wani busasshen ganye a leda, mai ƙamshi kamar turaren wuta.

Sau uku ya gwada. Ƙwayar ba ta cikin jerin. Amma da ya duba yadda aka haɗa ta, nan take ya gane danginta. Ya bincika, ya ga a wasu ƙasashe an fara samun mutanen da ta tsayar musu da numfashi suna barci. Ganyen kuma an fesa masa wani sinadari da ke sa mutum ya ga abin da babu. Sai ya juya takardar don ya ga mai kayan. Sunan Alhaji Isiyaku ne.

A ranar, bayan la'asar, Alhaji ya zo gidansa da ƙafarsa, abin da bai yi ba tun ranar ɗaurin aure. Suka zauna a zaure. Maharazu ya sauka ƙasa, ya bar masa tabarma.

Alhaji ya ce, "Maharazu, ban zo in ce ka yi ƙarya ba. Allah ya sauwaƙe. Ni na rene ka, na san ba za ka yi ba."

"Haka ne, Baba."

"Me takardar taku take tambaya?"

"Ko akwai abin da doka ta hana a ciki."

"To akwai?"

Maharazu ya ce, "Babu. Amma Baba, abin nan ya fi waɗanda aka hana ƙarfi."

"An hana shi?"

"Ba a hana ba tukuna."

"To ka amsa abin da aka tambaye ka. Ran da gwamnati ta hana, ni da kaina zan zubar. Allah ya yi maka albarka."

Ya tashi ya tafi. Ko ruwan da Bahijja ta aiko bai sha ba.

Washegari Maharazu ya cika takardar. A sama ya rubuta cewa ba a samu wani abu daga cikin abin da doka ta hana ba. Gaskiya ne, babu harafin ƙarya ko ɗaya. Da ya iso filin ƙarin bayani, ya daɗe da biro a hannu. Layi ɗaya kawai ake bukata: a riƙe kayan nan, akwai haɗari. Ya tuna ranar da aka binne mahaifinsa, da hannun da ya dafa kafaɗarsa a maƙabarta. Ya ja ɗan gajeren layi a tsakiyar filin, alamar babu abin cewa, ya sa hannu.

Ya 'yan uwa, bai karɓi ko kobo ba. Alhaji bai ba shi ba, shi ma bai nema ba. Wannan ita ce maganar da ya riƙa maimaita wa kansa: ban ci hanci ba, ban yi ƙarya ba. To me ya yi? Ku biyo ni.

Aka saki kayan. Kafin wata biyu ƙwayar ta cika gari. 'Yar kore ake ce mata. Masu dako a Dawanau, da magina, da masu adaidaita sahu, duk wanda aikinsa yake karya jiki, shi ne kasuwarta. Masu sayarwa kuma suna da magana ɗaya a baki: "Wannan ba irin wadda aka hana ba ce. An gwada ta, hukuma da kanta ta sake ta."

Maharazu yana da maƙwabci, Ilu, katanga ɗaya ce ta raba su. Da can dako yake yi, har wata rana buhun masara ya faɗo masa a baya, sai ya koma tuƙin adaidaita. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, mai yawan dariya, mai yawan surutu. Shi yake kai Maharazu aiki kullum da safe. In sun hau kwazazzabo sai ya ciji leɓe saboda bayan, amma bai taɓa fasa fita ba.

Wata safiya cunkoso ya tsayar da su. Ilu ya laluba aljihu, ya miƙo wani abu baya ba tare da ya waiwayo ba.

"Malam, kai ne masani, duba mini wannan. Wani abokin aiki ya ba ni saboda bayan nan, kuma wallahi ta yi mini. Amma ni ba na son abin da zai sa in shiga hannun hukuma, ko in saɓa wa Allah. Tana cikin waɗanda aka hana?"

Maharazu ya karɓa. Bai bukaci ya karanta ba, 'yar kore ce. Zuciyarsa ta ce masa, ce masa ya zubar, ce masa tana kisa. Wata zuciyar ta ce, in ka faɗa, zai tambaye ka yadda ka sani. Ilu ba ya riƙe magana. Kafin azahar duk tasha ta ji, kafin magariba ta kai kunnen Alhaji, ta kai ofis, a zaro takarda a ga sa hannun wa ke ciki.

Ya ce, "Ba ta ciki."

"Alhamdu lillahi! Ka sauke mini nauyi."

"Amma dai kar ka yawaita."

"Ina! Ɗaya da safe, ɗaya da rana, shi ke nan."

Maharazu ya mayar masa da ita. Da hannunsa ya mayar masa. Hanya ta buɗe, Ilu ya ja suka tafi, yana ba shi labarin 'yarsa ta fari da ta kusa saukar Alƙur'ani.

Kwana goma sha tara aka yi. Ranar wata Alhamis bayan azahar, Ilu ya ajiye adaidaitarsa a inuwar wata darbejiya a Ƙofar Dawanau, ya koma kujerar baya ya miƙe don ya ɗan huta. Abokan aikinsa suka ji yana wani irin minshari, suka yi dariya suka ce Ilu ya gaji. Da aka kira la'asar ɗaya ya je ya taɓa ƙafarsa ya ce ya tashi a yi salla. Jikin ya riga ya yi sanyi.

Wa aka kira ya yi wanka? Malam Maharazu.

Ya shiga tare da wani dattijo. Da ya yaye mayafin, ya ga leɓen ya koma shuɗi, haka faratun. Ya ɗaga fatar idon. Abin da ya karanta a littafi, ga shi kwance a gabansa. Da yake cire masa riga sai ya ji wani abu yana ƙara a aljihu. Ragowar ƙwayar ce. Ya faki idon dattijon, ya zare, ya cusa a nasa aljihun. Ya yi wankan kamar yadda ya saba, dama kafin hagu, bai bar komai ba. Da suka fito mutane suna cewa bugun zuciya ne, ya gyaɗa kai tare da su.

Ranar uku, Ladi matar Ilu ta aiko cewa tana son magana da shi. Ya shiga, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗaki. Tana ciki bayan labule. Bahijja tana tare da ita, domin tun ranar rasuwar ba ta rabu da ita ba.

Ladi ta ce, "Malam, wata tambaya ce ta hana ni sakat. Ƙwayar nan da yake sha, ni na yi ta yi masa faɗa a kanta, don in ya sha sai ya yi ta gyangyaɗi yana cin abinci. Sai ya ce in kwantar da hankalina, ya nuna maka, ka ce ba komai. Daga nan na yi shiru. Na ce tunda Malam ya gani, ni wace ce? To tunda ba ita ba ce, me ya kashe shi? Lafiyarsa lau ya fita."

Maharazu ya ce, "Kwana ne ya ƙare, Ladi. Allah ya jiƙansa."

"Amin. Na gode da wankan da ka yi masa. Kullum yana cewa Allah ya ba shi maƙwabci."

Ya 'yan uwa, da mashi ta soka masa da ya fi masa sauƙi.

Daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. In ya ji an yi sanarwar jana'iza, ba ya tambayar wane ne, sai ya tambayi shekarunsa da sana'arsa da yadda aka same shi. In an ce mai dako ne, ya kwanta bai tashi ba, sai ya nemi wuri ya zauna. Ya ji labarin wani magini a Dala da ya sha hayaƙin ganyen nan, ya taka daga saman bene yana cewa ga hanya nan shimfiɗe a gabansa. In ya fito da safe sai ya tarar da 'ya'yan Ilu a ƙofar gida, su durƙusa su ce, "Baba, ina kwana." Ya koma fita ta wani lungu don kar ya haɗu da su.

Da abin ya ishe shi sai ya je wajen Alhaji Isiyaku. Ya durƙusa kamar kullum.

"Baba, ƙwayar nan tana kashe mutane. Ta kashe maƙwabcina."

Alhaji ya dube shi ya ce, "Ni ɗan kasuwa ne, Maharazu. Saye da sayarwa na sani. Kai ne ka yi karatun. Da aka kai maka ita, ni na sa hannu ko kai?"

A ranar ne Maharazu ya fara ɗaga kai ya kalli idon mutumin da ya rene shi. Bai ga komai a ciki ba sai mamakin me ya kawo wannan magana.

Wata tara bayan wancan rahoto na farko, ya zauna ya rubuta na biyu. Wannan karon ya cika shafi huɗu. Ya faɗi abin da ƙwayar take yi, da abin da ganyen yake yi, ya kuma rubuta a fili cewa tun ranar farko ya sani, ya yi shiru. Ya haɗa da ragowar da ya zare daga aljihun Ilu, ya miƙa wa shugabansa.

Aka kafa kwamiti, takarda ta yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan. Bayan wasu watanni aka sa sunan 'yar kore a jerin waɗanda aka hana. Da jami'ai suka je sito ɗin Alhaji, ko kwali ɗaya ba su samu ba. An daɗe da sayar da ita kaf. Wata ce ta zo a madadinta, ruwan ɗorawa, da wani sabon suna.

Shi kuwa Maharazu, kwamitin ya ce rahotonsa na farko babu ƙarya a ciki, don haka babu abin da za a kai kotu, amma ya yi sakaci da amana. Aka sallame shi. Ya ce shi yana so a kai shi gaban alƙali. Wani lauya a cikinsu ya ce, "Malam, a kan wane laifi? A lokacin ba a hana ta ba." Maganar da ya fake da ita, ita ce aka mayar masa. Yana neman wanda zai hukunta shi ko ya sami sauƙi, bai samu ba.

Da ya dawo gida ya faɗa wa Bahijja komai. Ya zaci fushinta zai zama a kan baffanta da ya tona wa asiri. Ba ta ko ambaci Alhaji ba. Ta ce, "Ranar da Ladi ta tambaye ka, ina zaune a gefenta, hannunta yana cikin nawa. A lokacin ka sani?"

"Na sani."

"Ka sani, ka bar ta ta yi maka godiya."

Ta shiga ɗaki ta haɗa kayanta da na yara, ta tafi gidan mahaifiyarta. Bai aika biko ba. Ya ce da wane baki?

Saura Ladi. Sau uku yana zuwa ƙofar gidan yana juyawa. A na huɗu ya yi sallama. Ta riga ta fita takaba, ta tsaya a soro da tsintsiya a hannu. Ya faɗa mata tun daga ranar Talatar nan har zuwa abin da ya zare a aljihu. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Sai ta ce, "Da ka ce masa ya zubar, da ya zubar. Ka san Ilu. Maganarka ba ya tsallake ta."

Ya ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Ni ba ni na mutu ba."

Ta juya ta shige. Bayan sati biyu 'yan uwanta suka zo da mota suka kwashe ta da yaran zuwa ƙauyensu.

A haka ya zo wajena, wata safiya bayan mun tashi daga karatu. Da farko ban gane shi ba, saboda ramar da ya yi. Ya jira kowa ya watse, ya matso ya ba ni labarin nan kamar yadda na ba ku. Na ce masa ƙofar tuba a buɗe take, rahamar Allah ta fi zunubinsa girma, kuma rahoton da ya rubuta daga baya Allah kaɗai ya san rayukan da ya tsare. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Na ji, Malam, na kuma yarda. Na Ilu na yi azumin kaffara wata biyu a jere, ko da ban san hukuncin ya hau kaina ko bai hau ba. Amma mota guda ce cike da kaya. Sauran ban san sunayensu ba, ban san gidajensu ba. In an tsayar da ni gobe, mutum nawa ne za su riƙe rigata? Shi nake so ka faɗa mini. Mutum nawa?"

Wallahi ni ma ban san adadinsu ba. Muka zauna ni da shi har rana ta iso inda muke.

Ya 'yan uwa, mene ne zunubin mutumin nan? Bai sayar ba, bai sha ba, bai yi rantsuwar ƙarya ba. Ya sani ne, ya yi shiru. Allah ya hana mu ɓoye shaida kamar yadda ya hana mu ƙirƙirarta. Wanda aka tambaye shi ya ba da rabin gaskiya don ya binne ɗaya rabin, to ya san abin da ya aikata, ko da duk alƙalan duniya sun ce ba shi da laifi.

Kunya abu ne mai kyau, kuma sanin alherin wanda ya rene ka wajibi ne. Amma kunyar da za ta sa ka bar a kashe mutane ba ita ce addini ya yaba ba. Tsoron mutum ne ya fi maka tsoron Allah, ka sa masa suna kunya.

Kai mai kemis, da kai mai shigo da kaya, da kai mai tallan magani a tire: ka daina tambayar ko an hana. Ka tambayi kanka me take yi wa wanda ya sha. Masu haɗa gubar nan sun fi masu rubuta doka sauri. Yau a hana wannan, jibi su fito da wata. In kana jiran sai gwamnati ta rubuta suna kafin ka ji tsoro, gawa nawa za a ɗauka kafin a gama rubutun? Ubangiji bai haramta maye da cutarwa da suna ba, da aikinsu ya haramta su.

Kai kuma mai ciwon baya, mai ciwon gwiwa, da ake miƙo maka ƙwaya a tasha ana cewa wannan ba a hana ta ba: je asibiti. Bin layi ya fi maka.

Kai da Allah ya ba ilimi aka zaunar da kai a kujera, ba don albashi kaɗai aka zaunar da kai ba. Akwai mutanen da ba za su taɓa ganin fuskarka ba, amma rayuwarsu tana rataye da abin da ka faɗa da abin da ka ƙi faɗa.

Allah ya jiƙan Ilu da duk waɗanda suka tafi ta wannan hanya, ya raya abin da suka bari. Allah ya karɓi tuban bawan nan nasa, ya sassauta masa abin da yake ɗauke da shi. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya a ranar da take da amfani, ya kiyaye mu, ya kiyaye zuri'armu. Amin.